Wayar da Yaya Ya Naɗa a Gurbin Fis

Har yau in na tuna jirgin Baba sai raina ya ɓaci. Jirgin katako ne na kamun kifi a dam ɗin Jibiya, shi ke ci da gidanmu. Da na gama koyon wayarin, na ce zan sa caja ta zauna cikin jirgin, a huta da ɗaukar batir a ka zuwa gari. A Magama na sayo ta, wajen masu shigo da kaya daga Maraɗi. Takardarta da Faransanci take, ko kalma ban gane ba, zanen na bi.

Kwana biyu na yi a bakin ruwa. Na kafa farantin sola a kan rumfa, na ja waya zuwa caja, daga caja zuwa batir, na sa fis a tsakani. Sannan na tara Baba da yayana, wanda shi ke fita da jirgin, na ce in fis ya ƙone, to akwai inda waya ta taɓa 'yar'uwarta, a kira ni. Yaya ya yi dariya ya ce, "Injiniya, mun ji."

Yayana irin mutanen nan ne da ba a gaya musu. Fis ya ƙone, bai kira ni ba. Ya yi abin da ake yi a gidajenmu: ya zare silin waya ya naɗa a gurbin. A ɗaki akan yi haka a kwana lafiya, amma a jirgi jarkar fetur tana gefen batir. Da hantsi waya ta yi ja ta kama, Yaya ya faɗa ruwa ya tsira daga shi sai wando. Jirgin ya cinye har da komar kifi a ciki.

Kafin in iso, magana ta gama gari wai aikina ne ya ƙone jirgi. Na shiga ruwa har ƙugu na tono gidan fis cikin gawayi, ga wayar Yaya naɗe a jiki. Na kai wa Baba.

"Baba, duba wanga. Wa ya naɗa ta?"

Ya juya shi a tafin hannu, ya gane sarai. Ya ce, "Yayanka na da iyali. In ka faɗi, wa za ya ƙara ba shi jirgi? Ka yi shiru."

Ni ba ni da iyali a lokacin, saboda haka sunana ne mai arha. Na yi shiru, kuma ban yafe ba. Na fi shekara ba wanda ya kira ni ko kwan fitila in sauya masa.

Bara Yaya ya yi sabon jirgi. Ya same ni a zaure, ya waiga ya ga ba kowa, ya ce in zo in sa masa caja. "Duk Jibiya," in ji shi, "aikinka kaɗai na yarda da shi."