Takalman da Vasudha Ta Manta

Shekara goma sha tara Vasudha Deshpande ta yi a wata jami'a a birnin Pune na Indiya tana koya wa kwamfuta yadda taron jama'a ke tafiya. A allonta mutane ɗigo-ɗigo ne, su shiga ta wannan ƙofa, su fita ta waccan. Da wannan lissafi ta tsara wa wani babban wurin ibada hanyar da masu ziyara dubu tamanin za su bi ranar biki.

Ranar, da hantsi, tana kan soro tare da Sufeto Gaikwad na 'yan sanda, sai ta ga ƙofar shiga ta cushe. Waɗanda suka fita suna juyowa, suna kutsawa cikin masu shigowa. Wata tsohuwa ta faɗi, da ƙyar aka ɗaga ta.

"Madam, haka injin naki ya ce?" Sufeto ya daka mata tsawa.

Ta sauka da gudu, ta ratsa har rumfar tsoho Tukaram, mai ajiyar takalma a bakin ƙofar shiga.

"Baba, me suke dawowa nema?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "'Yata, a nan suka tuɓe takalmansu. Babu takalmi za su koma gida?"

Nan take ta sa aka ɗure takalman a buhuna, aka kai ƙofar fita. Cunkoson ya lafa.

Har yau, kafin ɗalibinta ya taɓa kwamfuta, sai ya yi mako guda a rumfar Tukaram yana karɓar takalma.