Malam Isyaku, Shehun Ɗarikar Tuffa

Ina cikin aji ina rubuta wa ɗalibai darasi a allo, shugabar makarantarmu ta leƙo ta taga ta yafito ni. Da na fito sai na tarar da ƙanena Bashir a tsaye kusa da babur ɗinsa, ya kasa ɗaga kai ya dube ni. Sai da na kira sunansa sannan ya ce Baba ya cika, a kan kujerarsa ta tsakar gida, jim kaɗan bayan ya karya kumallo. Allah ne Ya ara mana shi, kuma gare Shi ya koma, kamar yadda dukkanmu za mu koma.

Mahaifinmu, Malam Isyaku, malamin gona ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya ƙauyukan Shiroro a kan babur, yana duba gonakin doya da dawa, kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa da ke unguwar Tunga a Minna. Masu zuwa ta'aziyya sun yabi haƙurinsa da riƙon sallarsa da yadda bai iya ɗaga wa mutum murya ba, kuma duk gaskiya suka faɗa. Sai dai na lura da wani abu. Kusan duk wanda ya fara ba da labarinsa da hawaye, kafin ya kai ƙarshe sai dariya ta ƙwace masa, ya rufe baki yana jin kunya. Ina so in gaya musu babu abin kunya a ciki. Wannan dariyar ita ma gadonsa ce, kuma a kanta nake son yin magana.

Asalin abin daga Jos ne. Tun yana saurayi aka tura shi kwas a can, wani tsohon kuku a masaukinsu ya ba shi wani gashi da bai taɓa gani ba. Kamar mitfai yake, sai dai a faranti mai faɗi ake gasa shi, kuma maimakon nama, yankakkiyar tuffa ce a ciki da sukari da kirfa. Sau ɗaya ya ci, amma mun tashi muna jin labarinsa kamar labarin wani gari da ya taɓa zama a cikinsa. Da ya yi ritaya sai ya ce lokaci ya yi da zai nemo shi da hannunsa. Ya sayi fulawa da bota, ya zuba yashi a babbar tukunyar Inna, ya sa gawayi sama da ƙasa. Na farko ya ƙone. Na biyu ya yi tauri har Bashir ya roƙi a ba shi ya toshe inda rufin ɗakinsa ke yoyo. Inna, mahaifiyarmu, ta yi ta mitar namiji da furfura ya tare mata madafa, ta kuma rantse bakinta ba zai taɓa wannan abu ba muddin akwai tuwon shinkafa a duniya.

Ranar da ya dace, ya ɗauki farantin ya fita rumfar ƙofar gida ya kira maƙwabta. Suna ci yana yi musu bayanin yadda ake murza ƙullun da kwalba, da yadda ake gane tuffar da ta isa, bai gaji ba. Wani tela a cikinsu ya ce masa ai ya mai da abin nan kamar addini. Baba ya gyara zama ya ce ba a kai can ba tukuna, amma ɗarika ce, sunanta Tuffawiyya, kuma tunda babu mai takara da shi, shi ne shehunta.

Daga nan wasan ya kafu. Ya zaɓi Asabar da la'asar, domin a cewarsa Juma'a tana da masu ita, Lahadi ma tana da masu ita, Asabar ce kawai ba ta da mai ziyartarta. Haka Musulmi da Kirista na layinmu suka riƙa haɗuwa a tabarma ɗaya: tela, da wata nas 'yar kudancin Kaduna, da direbobin keke, da duk wanda ƙamshi ya janyo. Ya shimfiɗa dokoki da fuska a murtuke. Ba a ci a tsaye. Wanda ya yanka shi ne na ƙarshen ɗauka. Ba a maganar siyasa sai farantin ya koma wayam, kuma in mutum biyu suna gaba, sai ɗaya ya miƙa wa ɗaya rabonsa da hannu. Babban zunubi a wurinsa shi ne mutum ya ɓuya ya ci shi kaɗai. Yakan ce, “Abin da ka ci kai kaɗai cikinka kawai ya sani, shi kuwa ciki ba ya ba da shaida.”

Ba a daɗe ba wani ya kai wa limamin unguwa labarin cewa Malam Isyaku ya ƙirƙiro sabon addini. Limamin matashi ne mai tsare gaskiya, ya zo da kansa ran Asabar. Ranar ce na ga Baba ya ajiye wasa gefe guda. Ya tashi ya tarbe shi, ya ce, “Allah gafarta Malam, addinina ɗaya ne, kai kake jan mu salla a cikinsa. Wannan wasan tsofaffi ne, iyakarsa maƙogwaro. In ka ga akwai illa, yau ɗin nan na bari.” Liman ya zauna ya saurara, ya ga babu mai wasa da sunan Allah ko da ayoyinSa, ya ga ana kiran magariba an naɗe tabarma. Ya yi nasiha a kan a kiyaye harshe, Baba ya karɓa, kuma har ya bar duniya bai ƙetare wannan iyaka ba. Liman ya ce shi kam ba ɗan ɗarika ba ne, amma bai ƙi a ƙunsa wa iyalinsa kaɗan ba.

Babban ɗan adawar Baba kuwa shi ne babban amininsa, Baba Yohanna, manomin doya daga Gwada. Tun zamanin aiki suka san juna, suna musu a kan taki da iri, kuma tsufa bai raba su da musun ba. Duk Asabar ɗin da ya shigo Minna sai ya biyo ta gidanmu. Baba ya taɓa dasa tuffa a bayan ɗaki, zafin garin nan ya hana ta ko da fure, shi kuwa Baba Yohanna ba ya zama sai ya je ya gaishe ta, ya tambaye ta yaya zaman banza. Da tuffa ta yi tsada a kasuwa, shi ne ya kawo shawarar a gwada ɗanyen mangwaro, tunda shi ma yana da tsami. Baba ya kama haɓa ya ce ɓaraka ta shigo ɗarika. Aka rabu gida biyu, 'yan tuffa da 'yan mangwaro, aka yi shekaru ana fafatawa. Kowane mako sai Baba ya sanar da korar Baba Yohanna, kuma kowane mako yanki mafi girma shi ake ajiye wa.

Sai matar Baba Yohanna, Mama Ladi, ta rasu. Mun je Gwada mun yi gaisuwa. Bayan haka ya daina zuwa Minna. Wata rana 'yarsa ta kira Baba a waya ta ce tsohon ya daina cin abinci sai an yi da gaske, ba ya zuwa coci, ba ya zuwa gona, ga damina ta ƙarato bai ko leƙa irin doyarsa ba. Baba ya gwada zolayarsa a waya, bai samu komai ba sai “to” da “na gode”. Na ga abin ya tsaya masa a rai, har ya rasa sukuni.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya ɗauki hayar mota, ya sa aka loda tukunya da yashinta da gawayi da fulawa, ya kwashi duk wanda ya samu sarari a cikin mabiyansa. Ni ma na bi su. Muna kan hanya na duba jakar kayan na ga babu tuffa, na gaya masa mun yi mantuwa. Ya ce bai manta da komai ba.

Mun tarar da Baba Yohanna a zaune a bakin ɗakinsa, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Baba ya gaishe shi a natse, ya zauna kusa da shi. Can sai ya nemi izinin tsinkar ɗanyen mangwaro a bishiyar tsakar gidan. Ya ce ya zo ne a koya masa, domin shi bai san yadda 'yan mangwaro suke yin nasu ba. Baba ya ɗauki wuƙa ya fara feraya a gaban Baba Yohanna, yana zubar da rabin naman tare da ɓawo, yana yanka manya-manya kamar mai shirin dafa kabewa. Mutumin da na san ƙwarewarsa da wuƙa, na ga yana ɓarna da gangan. Tsohon ya kalla, ya kau da kai, ya sake kallo. Daga ƙarshe ya kasa daurewa, ya miƙo hannu ya ce, da irin Hausarsa, “Malam, ba haka ba ne. Kawo wuƙa.”

Shi ya yanka, shi ya faɗi yawan sukarin da za a zuba, shi ya tsaya a kan gawayi yana faɗa da direban keken da ke fifita. Da aka sauke, Baba ya yanka ya miƙa masa na farko. Sai da kowa ya samu sannan ya ɗauki nasa ya kai baki, kowa ya zuba masa ido. Ya tauna, ya haɗiye, ya sanar da cewa bayan dogon nazari, shehu ya gano 'yan mangwaro suna kan hanya, an janye duk korar da aka taɓa yi. Aka fashe da dariya. Baba Yohanna ya yi dariya shi ma, sai kuma hawaye suka biyo. Ya ce, “Ladi ne ya kawo maganar mangwaro tun farko. Ya ce in gaya maka zai fi naka daɗi.” Baba ya ce to ai ta yi gaskiya, kuma shi ne shaida. Tsohon ya cinye nasa, ya ƙara.

A hanyar dawowa na tambayi Baba a hankali ko da gaske ya yi daɗi. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Mamana yake kirana. Ya ce, “Mamana, tsami kamar zai cire mini haƙora. Amma kin ga ya ci biyu?” Kafin ruwa ya zauna sosai, Baba Yohanna ya shuka doyarsa, kuma ya dawo rumfarmu da sabon ƙorafi a kan cewa an ɓata wa ɗarika shekaru kafin a gane gaskiya.

A shekarunsa na ƙarshe likita ya ce Baba yana da ciwon sukari, ya hana shi zaƙi. Mun ɗauka wasan ya zo ƙarshe. Sai ya tara jama'a ya ce musu ƙarin matsayi ya samu, ya wuce masu ci ya kai matakin masu shaƙar ƙamshi. Ya ci gaba da gasawa yana rabawa, shi kuma yana zaune da kofin shayinsa marar sukari yana kallon fuskokin mutane. Matsala ɗaya ta rage, wato wanda zai ɗanɗana masa haɗin kafin a rufe shi da ƙullu. Wata Asabar na shigo na tarar da Inna riƙe da cokali tana cewa kirfa ta yi kaɗan. Da ta gan ni sai ta tsuke fuska ta ce ta yi kaffarar rantsuwarta, kuma kada kowa ya ɗauka ta shiga ɗarika, taimakon marar lafiya kawai take yi. Da hannunsa ya fara rawa, ita ta karɓi murza ƙullun, yana gefe yana ba da umarnin da ba ta bi.

Ranar jana'iza Baba Yohanna ya zo da sandarsa. Ya tsaya a baya, hula a hannu, har aka idar da salla, sannan ya bi gawar da ƙafa zuwa maƙabarta, ya ƙi a ɗauke shi a babur. Ya kwana a Minna, yana zama a tabarmar karɓar gaisuwa tare da 'yan'uwan Baba kamar ɗayansu. Da ya ji cewa Inna ta ƙi cin komai tun ranar rasuwar, ya kira Bashir ya ce, “Ka shiga ka gaya wa Hajiya ya ci abinci. In bai ci ba, zan zo da tukunya da mangwaro.” Ina zaune kusa da ita lokacin da saƙon ya iso. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, na rasa kuka take yi ko dariya. Da ta buɗe sai ta ce a dama mata koko.

Ya Allah, bawanKa Isyaku ya zo gare Ka. Mun shaida bai haɗa Ka da kowa ba, ya tsare sallarsa, ya ciyar da maƙwabcinsa ba tare da ya tambaye shi inda yake ibada ba. Ka gafarta masa kurakuransa, na wasa da na gaske. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sa Aljannar Firdausi ce gidansa. Ka ba Inna haƙuri a cikin takabarta, Ka ƙara mata lafiya. Ka riƙa mana ni da Bashir da jikokinsa, Ka haɗa kanmu a bayansa. Ka rarrashi zuciyar tsohon amininsa da duk waɗanda suka saba zama a rumfarsa. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, mu bar mutane suna tuna mu da alheri. Amin.