Ihun Lukuman Gyartai

In ka zauna kusa da Lukuman gyartai a fagen kokawa, to ka yi asarar yammacinka. Ni na sani, don katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Gwandu, kuma sau biyu na yi wannan kuskuren kafin na yi hankali. Makaɗa na zuba kirari, 'yan kokawa na zagaya fili suna girgiza layu, kowa jininsa ya hau, sai ka ji ya tsartar da yawun goro ya ce, "Mai jan warkin ga shi ka hwaɗuwa. An saya." Abin haushin kuma, sai mai jan warkin ya faɗi. Da ƙarya yake yi, da mun daɗe da yafe masa.

Sana'arsa ɗinkin ƙwarya ce, a gindin wata tsamiya a gefen kasuwa. Matarsa Delu ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a Dalijan, sai sallah-sallah take leƙo shi. Gidan daga shi sai jakinsa. Matata ce ke aika masa tuwo, shi kuma ya cinye tas, ya dawo da akushin da kansa, ya ce a gaya mata dawar ta bara ce. A wurinsa mai nono ta tsuga ruwa, mai awo ta lotsa gindin mudu, masu kuka a gidan mutuwa rabinsu tukunya suka zo dubawa. Ba ya faɗa da kowa. Faɗin abin kawai yake yi, ya ci gaba da huda ƙwaryarsa.

Amma fa kokawa yana sonta kamar ransa. Ko zazzaɓi yake yi, in ya ji ganga sai ya ɗaura wa jaki akumari. Abin da ke cinsa shi ne yadda ta zama sana'a. A da samari ne ke gwada ƙashi bayan an kai gero rumbu, kowa ya koma gida da ƙurarsa. A zamanin da nake ba da labari kuwa, attajirai sun fara ajiye 'yan kokawa, su ciyar da su, su ɗinka musu riguna, su yi ta yawo da su gari-gari. Lukuman ya ce wanda ke ci da kai shi ke gaya maka ranar da za ka faɗi. Na taɓa tambayarsa yadda yake ganewa. Ya ce, "Ku kuna kallon ƙirji, ni ina kallon ido. Wanda zai hwaɗi da gangan sai ya hwara duba inda rairayi yah hi laushi."

Da siyasa ta shigo mana, ba ta same shi da sabon zance ba. 'Yan wannan jam'iyya suka zo gindin tsamiya suka karanta masa alherin da ke tafe, ya ce musu makaɗin da ya yi wa ɗan takararsu kirari jiya, shi ya gani yana yi wa abokin hamayyarsa shekaranjiya. 'Yan waccan suka zo, ya ce su ma in sun hau dokin, bulalar ba za ta sake ba. Sai kowane ɓangare ya ɗauka shi ɗan ɗayan ne. A lokacin kuwa siyasa ta kai wa da ƙane ba sa cin tuwo tare. Wasu suka hana matansu aiko masa da ƙwarya, ga kuma langa ta fara cika kasuwa. Sai ya wuni a gindin tsamiya ba wanda ya ce masa sannu, in ba ni ba.

Mutum ɗaya ne a duniya ke iya zama da shi a fage, wato Usman, wani masunci a Kalgo. A wajen kokawa suka haɗu tun suna samari, kuma shekara talatin ba su fasa ba: in an gama girbin gero Lukuman ya yi tafiyar kwana biyu zuwa Kalgo, in an gama yankan shinkafa Usman ya rama ziyara. Usman mutum ne mai ihu. Ko 'yan kokawar da bai sani ba ne, sai ya zaɓi ɗaya ya miƙe yana buga ƙafa, hularsa ta faɗi bai sani ba. Lukuman ya ce an saya, Usman ya ce ƙarya kake, Na-Gwandu, su yi ta musu har gida, su ci tuwon shinkafa da miyar kifi suna musu. Wata guda kafin tafiyar za ka ga Lukuman ya wanke rigarsa, yana yi wa jaki magana. Duk shekara wannan kaɗai yake jira.

A kakar 1959, ana saura 'yan makonni a jefa ƙuri'a, na bi shi Kalgo don ina son sarin busasshen kifi. Muka tarar gari ya ɗauki zafi. Wani attajiri da ya tsaya takara ya shirya kokawa, ya sa keke sabo fil ga wanda ya yi nasara, ya kuma kawo Bawa, gwarzon da ya shekara biyar gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Wanda zai kara da shi kuwa Abdulgani ne, ɗan Usman na cikinsa, wanda duk Kalgo ke alfahari da shi. Ko ni da ba gwanin lissafin siyasa ba, na ga dabarar: in ɗan gari ya kayar da gwarzo a filin mai takara, gari ya zama na mai takara.

Bayan la'asar aka shiga fage. Usman na dama da Lukuman, ni ina hagu. Tun suna zagayen juna na ga leɓen Lukuman ya motsa, na taka masa ƙafa, ya haɗiye. Aka sarƙe, aka yi ta turereniya, can sai Abdulgani ya sa ƙafa ya taɗe Bawa, ƙaton nan ya tafi rim a kan rairayi. Wuri ya kaure. Usman ya yi ihu har muryarsa ta dushe, sannan ya juyo, hawaye na bin gemunsa, ya kama kafaɗar abokinsa.

"Na-Gwandu, ka ga ɗana? Mi kac ce yau?"

Wallahi da shiru ya yi ma, da ya wadatar. Amma hali zanen dutse. Daidai lokacin da makaɗa suka tsaya don mai takara ya yi jawabi, daidai lokacin da Abdulgani ya iso ya durƙusa gaban ubansa, Lukuman ya ce, "An saya. Sau biyu Bawa yad dubi rairayin."

Abdulgani ya ɗago kai. Ya dubi Lukuman, wanda tun yana goye yake kira Baba, sannan ya juya ya dubi Bawa, wanda ke kakkaɓe jikinsa ba ko alamar baƙin ciki a fuskarsa. Ya miƙe ya ratsa taro ya fita. Keken sai wani ɗan'uwansu ne ya turo shi gida.

Da safe muka sami Usman a bakin ruwa yana gyaran taru. Bai ɗago ba. Lukuman ya tsaya yana murza hula, ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa.

"Kai kaɗai ad da ido?" in ji Usman. "Ni ma na ga Bawa na duban rairayi. Shekara talatin dut abin da kag gani ina ganinai. Ina ihu na don rai ya samu abin yi, in kuma ba ka abokin gardama, tunda ba ka da kowa. Yaron ga bai sani ba. Kwana arba'in shina ɗaukar turmi shina gudu cikin laka. Jiya ɗai nis so ka bar muna yini guda." Ya ja zaren tarunsa ya ɗaure. "Ku sauka lahiya."

Muka yi kwana biyu a hanya, muka dawo Gwandu. Daga baya muka ji Abdulgani ya bi 'yan ci-rani ya yi kudu, ya ce shi da fage har abada. Ranar zaɓe maza suka yi layi, kowa ya shiga ɗan ɗaki ya jefa takardarsa a akwati, Lukuman na gindin tsamiya a kasuwar da ba kowa. Da aka ce attajirin nan ya ci, na jira in ji abin da zai ce. Sai ya ci gaba da huda ƙwaryarsa. Aka gama yankan shinkafa, ya share zaure, ya sayi goro, ya yi kwana uku yana fita bakin hanyar yamma. Usman bai zo ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ko da yake haushinsa bai sake ni ba.

Don in raba shi da zaman zaure, na ja shi Dodoru wajen wata ƙaramar kokawa ta ƙauye, ba attajiri, ba keke. Mutane na ganinsa suka matsa, muka zauna mu biyu a fili fetal. Can wajen ƙarshe wasu samari biyu manoma suka sarƙe, ba wanda ya san sunansu. Suka daɗe, gumi na zuba, wannan ya ɗaga wancan ya dire, har ƙaramin ya tattara ƙarfinsa ya sunkuci babban ya maka da ƙasa. Sai na ji mutum ya zabura kusa da ni. Lukuman ne a tsaye, hannu sama, yana ihu da wata murya mai tsatsa da ban taɓa ji ba.

Jama'a suka waiwayo, suka fashe da dariya. Wani ya ce gyartai ya sami sabuwar hanyar ba'a. Wan yaron da ya yi kayen ya tako har gabanmu, ransa a ɓace, ya ce, "Baba, in ba ka yabawa, kak ka yi ma yaro dariya. Bai yi ma komi ba." Lukuman ya koma ya zauna.

A hanyar gida yana jan jakinsa, ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Wagga ta gaskiya ta. Ihun nan ma na gaskiya na." Na ce masa na yarda. Ya tsaya ya dubi idona, ya ga ban yarda ba, sai ya kaɗa jakinsa ya yi gaba.