Kujerar Wanda Ba Ya Nan

Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Da safiyar Laraba, tara ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran yayana a gadon asibiti, bayan jinyar raunin da ya samu lokacin da wata motar kaya ta buge shi a titin da ke gaban ofishinsa. Jama'a sun san shi a matsayin lauya mai kare haƙƙin ɗan Adam, kuma abokan aikinsa sun yi rubuce-rubuce a kan shari'o'in da ya ci. Ni ƙanwarsa ce, tela ce, ban taɓa buɗe littafin doka ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Yaya, a waje Lauya suke ce maka, mu a gida Sai-An-Ji muke kiran ka, kuma kai ka jawo wa kanka. Tun muna yara, duk wanda ya kawo maka ƙara amsarka ɗaya ce: sai an ji ta bakin ɗayan. Inna, Allah ya ji ƙanta, takan ce ko kyanwa ce ta ɗauke nama a tukunya, ba za ka bari a kore ta ba sai an ba ta dama ta yi bayani. Ni da Allah ya yi ni da saurin fushi, babu abin da ke ƙona min rai kamar wannan hali naka. In zo ina kuka, kai kuma kana tambayar ina wanda ya sa ni kukan.

Da ka yi iyali sai halin ya samu kujera. Ta katako ce, ƙafarta ɗaya gyararriya, tana kusurwar falonka kusa da taga. Ba a zama a kanta, har jikokinka sun san haka. Duk wanda ya zo da ƙorafi sai ka jawo ta ka ajiye a gabansa, ka ce ta wanda ake ƙara ce, a faɗi abin da za a iya faɗa yana zaune. Ni ma ban tsira ba. Wata rana na taho da laifuffukan mijina cike da baki, ka ajiye min ita. Ina kallon ta sai rabin maganar ta gudu, don na san irin amsar da zai ba ni. Na koma gida ina faɗa da kai maimakon shi, ka yi ta dariya kana cewa ka yi nasara tun da fushin ya sauya gida.

A shagona na koyi ɗan abin da na sani na doka, domin nan kake tsayawa in ka taso daga kotu, ka zauna a kan benci kana tattake min ƙyallaye. Da hannuwanka biyu kake bayani. Sai ka ɗaga na dama ka ce akwai inda doka ke ce wa hukuma ta janye hannunta: bakin mutum, ibadarsa, cikin ɗakinsa, da taronsa na lumana. Wannan shi ne 'yanci. Sai ka ɗaga na hagu ka ce akwai kuma inda doka ke ce mata ta sa hannu, idan an ware mutum don mace ce, ko don addininsa, ko ƙabilarsa, ko wata nakasa. Wannan shi ne haƙƙin daidaito. Na farkon na gan shi a kan mai askin layinmu, da aka ɗauke shi don ya soki mahukunta yana aski, ka fito da shi, har yau yana surutunsa. Na biyun kuwa a kan wata malama mai keken guragu da aka hana aikin koyarwa alhali ta fi kowa maki. Ranar shari'arta kai da ciwon bayanka ka kama keken aka hau da ita bene, kana nishi kana cewa wannan matakalar ma shaida ce.

Har da rediyo kake gardama. Da mai karanta labarai ya ce an kama ɓarawo, sai ka ajiye cokali ka ce wanda ake zargi dai, don kotu ba ta yi magana ba tukuna. Ka koya min cewa beli ba wanke mutum ba ne, alkawari ne cewa zai dawo ya amsa tuhuma. Ka ce wanda aka kama yana da damar ganin lauya, yana da damar a kai shi gaban alƙali ba tare da jan lokaci ba, yana kuma da damar yin shiru. Wannan na ƙarshen, in ji ka, shi kaɗai ne 'yancin da ba ka taɓa ganin na yi amfani da shi ba.

Da ka farfaɗo a asibiti ina gefenka ina riƙe da kofin ruwa. Na zaci matarka za ka tambaya, ko yara. Sai na ji ka ce, “Direban fa? An ji ta bakinsa?” Wallahi Yaya raina ya ɓaci. Na ce maka yana inda ya dace da shi, ka ji da kanka. Ka dube ni irin kallon nan naka. Bayan haka jikin ya yi tsanani, maganar kuma ta wuce ba a sake ta da ita ba.

Muna zaman makoki, falon ya cika har ana zama a tabarma a bakin ƙofa, sai wata dattijuwa ta yi sallama ta tsaya, takalmanta a hannu. Ta ce ita ce mahaifiyar direban. Ta yi mana gaisuwa, sannan ta ce tun ranar da abin ya faru ɗanta yana tsare, ba a kai shi kotu ba, ba a bari kowa ya gan shi ba, kuma yana da ciwon da ba ya kwana bai sha magani ba. Ta ce ta yi ta tambaya wa zai taimake ta. “Duk wanda na tambaya, 'yar nan, gida ɗaya yake nuna min. Sai da na zo layin na gane gidan wa ne.”

Ba zan ɓoye ba, maganar da ta zo min baki ba ta alheri ba ce. Na miƙe tsaye, kowa ya san abin da miƙewata ke nufi. Sai idona ya faɗa kan kusurwar nan. Falo cike da mutane, tsofaffi na zaune a ƙasa, amma babu wanda ya taɓa kujerar. Na dubi matarka, ta sunkuyar da kai tana hawaye. Ni da hannuna na jawo kujerar, Yaya, ƙafar nan gyararriya tana ƙara a kan siminti, na ajiye na ce, “Baba, zauna. Faɗa mana.”

Ta faɗa, muka ji. Abokin aikinka da ke wajen maza ya ce bai dace ofishinka ya tsaya wa direban ba, tun da abin ya shafe ku, amma ya haɗa ta da wata lauya da kai ka koyar. An kai direban gaban alƙali, an karanta masa tuhuma, ya ga likita, shari'a tana tafiya. Ban ce ba shi da laifi ba, ban kuma ce zuciyata ta huce ba. Na farkon na kotu ne, na biyun kuma ina roƙon Allah a kai. Abin da ya fi damuna shi ne ka tafi ban ba ka amsar tambayarka ba. To ga ta yau: an ji ta bakinsa, Yaya.

Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ba ka yarda a hukunta kowa a bayan idonsa ba, Allah ya sa ranar tsayuwa ka sami hisabi mai sauƙi. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta yi shekaru tana share ƙurar kujerar da ba a zama a kai, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan aikinka, da duk wanda ka taɓa tsaya wa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.