Kawu Babba Da Labulen Da Ya Ɓoye Wa Masu Saye

Ka taɓa neman shagonka a intanet ka tarar da na ƙaninka a sama, naka kuwa ko ƙyallinsa babu? Kawu Babba ya taɓa, ina gefensa aka yi.

Yayan mahaifiyata ne, ɗinkin labule ne sana'arsa tun yana saurayi. Shi ya koya wa ƙaninsa, Kawu Ƙarami, riƙe almakashi. Da Ƙarami ya buɗe nasa shagon a farkon layi, Kawu Babba ya sa albarka da baki, amma ya juya teburin yankansa ya fuskanci ƙofa, don ya ga duk wanda ya tsaya can bai ƙaraso nan ba.

Ƙarami ya buɗe shago a intanet, shi ma ya buɗe. Ni ya sa in riƙa ɗora kaya, da sharaɗi ɗaya.

"Kada ki rubuta sunan yadi ko awo a fili. Yaron nan kwafa zai yi."

Haka labule tamanin da shida suka hau da lamba kawai. Bayanin kowanne a jikin hoto aka manna shi, da ƙananan haruffa, yadda ba mai iya kwafa.

Ranar da zancen ya tashi, na rubuta "labulen falo mai kauri mai tare rana" a injin bincike. Ƙarami ne na biyu. Na buɗe shafi tara, babu mu.

"Ya san wani a can," in ji Kawu.

"Kawu, babu kowa a can. Injin nan rubutu yake bi, mu kuwa lamba muka ba shi. Wa zai tashi ya nemi labule mai lamba arba'in?"

Na nuna masa wurin da muke ɗora kaya. Kowane labule yana da gurbi huɗu: suna, bayani, bayanin hoto, da adireshin shafinsa. Gurbi ɗari uku da arba'in da huɗu, in ban da lamba ba abin da muka sa.

"Wato in buɗe masa cikina?"

"Masu saye za ka buɗe wa. Shi ai kai ka koya masa."

Ya ƙi. Sai ga Ƙarami ya leƙo aron zare, yana murmushi.

"Yaya, an ce kai ma kana intanet? Na neme ka har wayata ta yi zafi."

Ƙarami bai kai ƙofarsa ba Kawu ya jawo kujera kusa da ni. "Rubuta."

Yana shafa yadi yana faɗa, ina cikewa. Na mai da adireshin kowane shafi kalmomi maimakon lamba, na rage nauyin hotuna don su buɗe da sauri. Labulen da ya ƙare muka daina goge shafinsa, sai mu rubuta cewa wani yana hanya.

Abin da ya ji tsoro ya faru: Ƙarami ya kwafi bayanin labule biyu.

"Na faɗa miki!" in ji Kawu, har da buga tebur.

Bai gama huci ba ya hango wata mata da waya a hannu. Ta wuce ƙofar Ƙarami ko waiwaye babu, ta shigo ta nuna masa hoton labulensa mai ruwan toka.

Kafin ya ɗauko tef ɗin awo ya tambaye ta, "Hajiya, ta farkon layi kika biyo?"

Yanzu mu ne na biyar, Ƙarami yana nan a na biyu. Kawu bai ce mini sannu ba. Kullum da safe tambayarsa ɗaya ce: "Saura nawa mu kama shi?"

In kana da shago a intanet, buɗe kaya ɗaya yau ka ƙirga gurbin da ka bari fayau. Cike su da kalmomin da mai saye zai faɗa da bakinsa, sannan ka nemi kanka ka gani.