Kaskon Turaren Kaka

Ranar Juma'ar da ta wuce na ratsa ta kasuwar Dira da ke nan Riyad, sai hayaƙin turaren wuta ya tare ni daga wani shago. Kafin in ankara hannuna ya kai aljihu yana laluben abin shaƙa. Haka nake da wannan ƙamshi: ƙirjina na gudunsa, zuciyata kuwa na binsa, don ƙamshin kakata ne.

A unguwar Suwaidi na tashi, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu. Baba direba ne a gidan kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, Inna tana ɗinki, Kaka kuma, mahaifiyar Baba, ita ce mai haɗa turare. Daga Damagaram ake aiko mata da kajiji da farce, ta daka, ta soya da sukari a ƙaramin kicin ɗinmu. Tana da wani kasko na yumɓu, baki ya ɗan gutsure, wanda ta zo da shi daga gida a naɗe cikin zani. Ta ce muddin yana hayaƙi, ba ta jin tana baƙunta.

Ni kuma da fuka aka haife ni, wadda likitoci ke kira asma. Idan ta motsa, numfashina sai ya riƙa fita da ƙara kamar kukan ɗan kyanwa. Kaka ba ta iya zuba ido. Sai ta rufe taga saboda ƙurar da kan turnuƙe Riyad a ƙarshen sanyi, ta zuba garwashi a kasko, ta zaunar da ni a cinyarta ta lulluɓe mu da mayafi.

"Shaƙi, maigidana," haka take tsokanata. "Hayaƙi mai kyau shi ke buɗe ƙirji."

Ina shaƙa, don ina son ta. Abin kuwa sai gaba yake yi.

Wata ranar ƙura da hantsi leɓɓana suka canja launi. Baba yana wurin aiki, sai wani maƙwabci ya kai mu ƙaramin asibitin unguwa. Ɗakin cike yake da yara irina, kowa da abin turiri a fuska, iyaye a tsaye sun rasa wurin zama. Da na dawo hayyacina, likitar, wata 'yar Sudan, ta sunkuya ta shinshina rigata. Ta yi wa Kaka bayani da Larabci. Kaka ba ta jin Larabci sai na salla da na ciniki, ni kuwa Larabcina ya fi Hausata ƙwari, don haka ni aka sa in fassara.

Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba. Na ce, "Kaka, ta ce wai turarenki ne yake shaƙe ni."

Ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta dai kalli tafin hannunta, wanda turare ya rine, ta daɗe tana kallo.

Washegari haɗin turare ya koma saman rufin gida, cikin ranar nan ta Riyad mai ƙona tafin ƙafa. In ta sauko sai ta yi wanka ta sauya kaya kafin ta taɓa ni. Daga baya gwiwoyinta suka gaza hawan bene, ta bar sana'ar gaba ɗaya. Ita da ba ta yarda da maganin asibiti ba, ita ta zama mai gadinsa: abin shaƙa mai launin ruwan ƙasa na kullum ne, safe da yamma, ko lafiyata ƙalau, shuɗin kuma sai ƙirji ya ɗaure. A wurin suna ko biki, kafin a kunna garwashi sai ta ɗaga murya ta tambaya ko akwai yaro mai fuka. Mata suna yi mata dariya, amma suna fitar da kaskon waje. Ni dai ban sake kwanciya a asibitin nan ba.

Yanzu abubuwa sun sauya. Waya na sanar da mu ranar da ƙura za ta taso, a wasu gidajenmu kuma an koyi kunna turare a buɗe taga. Amma har yau ina ganin uwa tana turara kayan jariri don ƙauna, sai in rasa ta inda zan fara yi mata magana.

Kaka ta rasu a nan, ba ta koma Damagaram ba. Kaskon yana gidana. Tun daga ranar da aka kai ni asibitin, wuta ba ta sake shiga cikinsa a ɗaki ba. Da ta bar sana'ar ta wanke shi tas, ta ajiye shi a bakin ƙofa ta sa abin shaƙata a ciki, wai don nan ne wurin da kowa a gidan ya sani ko ido a rufe. Ɗiyata ta gado fukata, kuma nata abin shaƙar ne a ciki yanzu.