Romon da Nesta Ta Sha

Nesta Prosser a gonar tumaki ta tashi, can kan tsaunukan Wales, a nan kuma ta tsufa. Da mahaifinsu ya rasu, gona ta koma hannun yayanta Idwal, ita kuwa aka bar mata ɗakin bayan kicin da aikin da ba ya ƙarewa. Wani direban motar madara ya taɓa zuwa neman aurenta. Idwal ya tare shi a bakin ƙofa da karnuka, bawan Allah bai sake waiwayo gidan ba.

Idwal ba ya ganin kowa da gashi sai rago. A wurinsa girman ɗan tunkiya jini ne, jini kuwa na uba ne. "Tunkiya ai buhu ce," in ji shi, "abin da ka zuba shi za ka kwashe." Nesta ba ta musu. Amma ita ke durƙusawa cikin taɓo da sanyi lokacin haihuwar tumaki. Ta sha ganin 'ya'yan rago ɗaya, wani kamar tulu, wani kamar sillen kara, gwargwadon uwar da ta shayar.

A garken akwai wata mai yagaggen kunne da Nesta ke kira Mali. Sauran tumaki sai an feɗe fatar ɗansu da ya mutu an lulluɓa wa maraya kafin su karɓe shi. Mali kuwa sansanawa ɗaya take yi, ta gyara masa tsayuwa. Wani marayan da ta rena ne ya ciyo wa Idwal jan ƙyallen da ake ba wanda ya zo na ɗaya a bajekolin dabbobi. Ranar ya cika mashaya da labarin ragonsa.

Da Mali ta tsufa haƙoranta suka zube, Nesta ta riƙa jiƙa mata hatsi a ɓoye. Idwal ya gani.

Wata Lahadi da ta dawo daga coci, ya miƙo mata nama a ƙunshe. Ta dafa romo da dankali da albasa, suka zauna. Sai da ta suɗe kwano sannan ya ɗago.

"Ya kika ji romon?"

"Da ɗan tauri, Yaya."

"To ai tsohuwa ce. Ƙawarki Mali ce kika tauna. Kin ga ko a tukunya ba ta da wani abin a zo a gani."

Ya yi dariya har da ƙwalla. Nesta ta fita da gudu ba takalmi. A bakin shinge ta tarar da wasu tagwayen marayu da Mali ke shayarwa suna ta kuka, nan ta durƙusa ta amayar da abin da ta ci. Da ta koma ciki za ta zubar da tukunyar, ya riƙe mata hannu.

"Ba a zubar da abinci a gidan nan. Gobe ki ɗumama mana."

Ta ɗumama. Tagwayen ta riƙa ba su madara a kwalba, ɗaya ya mutu, ɗayan ya tashi a tsumbure. Idwal ya ce ragon ne ya fara gajiya, ya sayar, ya sayo wani.

Bayan 'yan shekaru gwiwoyin Nesta suka ƙi hawan tudu. Idwal ya zuba kayanta a bayan mota, ya kai ta gidan kula da tsofaffi a cikin gari, ya ɗauki ɗan ƙwadago. Sau ɗaya ya leƙo ta. Tana hango shi ta taga ta gyara gashinta, ta roƙi ma'aikaciya ta kawo shayi kofi biyu. Ko hula bai cire ba.

"Ina kika ajiye almakashin yanke kofato?"

"Yana bayan ƙofar rumbu, Yaya, a kan ƙusa."

Ya juya ya tafi. Ta rasu a hunturun shekarar.